Garin Neman Ƙiba

Idan kaka ta yi a Korahane, aka yanke gero aka ɗaure dammuna, sai bukukuwa su taso. A irin wannan lokaci ne yarinyar da aka sa wa rana take fara daɗewa a gaban madubi. Wata ƙawa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke wance, haka za ki shiga ɗaki kamar sillen kara? Ai dangin miji sai su ce ba a ci a gidanku." Ran kasuwa sai ga ƴan ƙwayoyi farare ƙanana an ƙullo a leda, daga tiren mai tallar magani, tsakanin maganin ciwon kai da na tsutsar ciki. Masu talla suna ce musu deksa. A ƙetaren iyaka, wajen Jibiya da Katsina, sunan da aka laƙaba musu ya fi fitowa fili: sha ka fashe.

Mako biyu ba su cika ba, ci ya buɗe. Wadda da ba ta iya gamawa da ƙwaryar fura yanzu tana tashi cikin dare neman ɗumame. Kumatu suka ciko, wuya ya yi kauri, fuska ta yi sheƙi. Mata suna shigowa gidan suna cewa, "Tubarkalla, amarya ta murje." Uwa ta ji daɗi, ba ta tambayi dalili ba.

Ɗiyata, wannan magana taki ce. Ɗana, kai ma kada ka matsa, akwai rabonka a ciki.

Son ƙiba a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne, kuma ba wauta ba ce. Duk wanda ya ga 2005 a yankin Dakoro, bayan fari da farin dango sun gama da amfanin gona, ya san abin da rama take nufi. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Mutanen da suka ga haka dole idonsu ya riƙa neman cikar jiki, su ɗauke ta alamar rufin asiri. Larabawan Azawak, maƙwabtanmu na arewa, sun daɗe suna ɗura wa ƴan matansu nono da fura kafin aure. Ƙwayar ita ce sabon abu, ita ɗin ma ta kwana biyu: tun watan Fabrairu na 2001 jaridar New York Times ta Amurka ta buga rahoto daga Maraɗi kan matan da ke shan irin waɗannan magunguna, wasu har da abubuwan da aka yi domin dabbobi, don su yi jiki. Ƴan matan wancan rahoto yau sun zama iyaye, wasu kakanni. Ga shi kuma ƴaƴansu sun kama hanyar.

Kafin a gane abin da ƙwayar ke yi, sai an san yadda Allah ya tsara jiki. A cikin jikin mutum akwai wasu ƴan tsokoki ƙanana da aikinsu shi ne sakin sinadari cikin jini, sinadarin ya tafi kamar ɗan aike ya kai umarni wani wuri mai nisa. Wani masani ɗan Ingila, Ernest Starling, shi ya raɗa wa waɗannan ƴan aike suna homon a 1905. Su ne ke sa muryar yaro ta buɗe, gemu ya tsiro, su ke kawo wa mace al'ada, su riƙe ciki, su saukar da ruwan nono. Abin mamaki shi ne ƙanƙantar awonsu. Tsofaffinmu sun san maƙoƙo: tsokar da ke gaban wuya ce ke kumbura idan ta rasa ayodin, alhali duk abin da mutum yake buƙata na ayodin tun daga haihuwa har mutuwa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Shi ya sa ake sa shi a gishiri. Ciwon suga ma haka yake, ɗan aike guda ne mai suna insulin ya gaza ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaron da ya kamu da mugun nau'in ciwon ba ya daɗewa a duniya.

Wanda ya shafi maganarmu yana zaune a saman ƙoda. Kowace ƙoda tana da ƴar tsoka a kanta kamar hula, nauyinta wajen giram 5. Duk mahaucin da ya feɗe rago ya taɓa ganinta cikin kitsen ƙoda ko da bai san sunanta ba. Ita ke fitar da kotizol. Da asuba take sakin mafi yawansa, shi ne ƙarfin da ke tayar da mutum daga shimfiɗa. Shi ke riƙe bugun jini kada ya faɗi, ya riƙe sukari kada ya ƙare tsakanin kalaci da kalaci. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, ko naƙuda ta zo, ko aka yi haɗari, tsokar nan takan ninka abin da take bayarwa don jiki ya jure. Ba kuma da ka take aiki ba. Akwai wata ƴar ƙwaya kamar ta wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke auna yawan kotizol a jini dare da rana, in ya yi ƙasa ta aika a ƙaro, in ya isa ta yi shiru.

Deksa, wadda cikakken sunanta deksametazon, kwaikwayon kotizol ce da aka haɗa a masana'anta. Kuma magani ce ta gaske, kada wani ya ce mai wannan rubutu ya kira ta guba. A 1948, a asibitin Mayo na Amurka, likita Philip Hench ya sa aka yi wa wata mata allurar kotizon, yayar deksa. Ciwon gaɓɓai ya kwantar da matar nan har ba ta iya juyi, amma cikin ƴan kwanaki ta miƙe da ƙafarta. Shekara biyu bayan haka aka ba shi lambar Nobel tare da wasu masana biyu. Deksa ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1950. Har yau da ita ake kwance ƙirjin mai asma, ake sauke kumburin ƙwaƙwalwa, ake ƙarfafa huhun jaririn da za a haifa bakwaini. A watan Yuni na 2020 masu bincike na jami'ar Oxford suka nuna tana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Amma a duk waɗannan, likita ne ke auna ta, ya ƙidaya kwanaki, ya san ranar da zai janye.

Ƙarfinta ya ninka na kotizol sau 25. Ƴar ƙwayar nan ta rabin miligiram, ɗaya da rabi ta kai kimanin abin da jiki ke buƙata a yini guda. To yaya yarinyar da ke watsa huɗu da safe, huɗu da dare, wata da watanni?

Ƙibar da take samu ta wata iri ce. Deksa tana narkar da naman cinya da na damtse da na ɗuwawu ta mai da shi sukari, sannan ta tara kitse a wuraren da ta zaɓa: fuska, ƙeya, tsakanin kafaɗu, da tumbi. Wato ainihin inda amarya take son cika nan ne ke zubewa. Bayan ƴan watanni sai a ga fuska zagaye kamar faifai, ciki ya turo, ƙafafu kuwa sun zama sanduna. In ta tsuguna gaban murhu sai ta dafa gwiwa kafin ta tashi, jan guga biyu a rijiya ya gagare ta. Wani likitan tiyata na Amurka, Harvey Cushing, ya siffanta wannan kama tun 1932 a jikin masu wata cuta da ke sa jiki ya yi ta zubo kotizol ba ƙaƙƙautawa. Su cuta ce ta same su ba su nema ba, mu kuwa da kuɗinmu muke sayo ta.

Iyayenmu mata na Dakoro sun riga sun san wannan darasi ta wata hanya. A gidan likita an koya musu su danna babban yatsa a bayan ƙafar yaro, in ya lotsa ya bar rami to cikar nan tasa tamowa ce. Sun ga yara masu kumatu cike, a ƙarƙashi kuwa ba nama. Wadda ta san haka a jikin ɗanta bai kamata cikar fuska ta ruɗe ta a jikin ɗiyarta ba.

Sauran ɓarnar a ɓoye take tafiya. Fata ta yi siriri, nanƙarwa masu faɗi su tsattsage ciki da hammata da cinya, irin waɗanda ba sa ɓacewa. Ƙuraje su feso, gashi ya fito a haɓa. Al'ada ta rikice, wani lokaci ta ɗauke, a yi ta murna ana zaton ciki ne. Jini ya hau. Ƙishirwa ta yi yawa, fitsarin dare ya hana barci, kiyashi su taru inda aka tsuguna, ciwon suga ya shigo ke nan tun ana shekara ashirin. Garkuwar jiki ta kwanta, ƙaramin miki ya ƙi warkewa, tarin fuka da ke laɓe ya samu ƙofa. Ƙashi ya yi ta zubar da ƙarfinsa, har kan ƙashin cinya yakan mutu a bar mace da ɗingishi. Ido ya yi yana irin ta tsofaffi. In kuma ana haɗa ta da magungunan ciwon jiki, kamar yadda masu talla ke ƙulla su tare, gyambon ciki ba ya nisa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce araha ba ta ado.

Amma wurin da ya fi tsorata mai wannan rubutu shi ne ranar dainawa. Ƴar ƙwayar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ba ta bambance kotizol da deksa. Tana ganin jini ya cika sai ta daina aike. Tsokar saman ƙoda ta ji shiru, ta kwanta, ta fara motsewa kamar nonon saniyar da aka daina tatsa. Mako uku na sha kullum sun isa a fara wannan barci, farkawa kuwa takan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara.

To ga yadda abin yake faruwa. An ɗaura aure, an kai amarya, buƙata ta biya, ko ledar ta ƙare, ko kunyar ango ta hana ta sha a gabansa. Ta daina rana ɗaya. Kwana biyu zuwa uku sai kasala, jiri, amai, ciwon ciki da gaɓɓai. Ta tashi za ta ɗauki buta, duhu ya rufe idonta ta zube. Gida ya rikice. Wata ta ce iska ce, wata ta ce kambun baka ne saboda kyan da ta yi ran biki, idanu kuma su koma kan uwargida, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A tafi neman rubutu da hayaƙi. Alhali jinin yarinyar ne ya faɗi, sukarinta ya yi ƙasa, domin wadda ke riƙe su tana barci. In zazzaɓi ya haɗu da wannan hali, ko ɓari, ko haihuwa, rai na iya fita kafin amalanke ko kabu-kabu ya kai ta Dakoro. Likita Thomas Addison na birnin Landan ya bayyana tun 1855 cewa mutum ba ya rayuwa in tsokar nan ta daina aiki. An sha raba zumunci a kan zargin sammu, abin kuwa yana cikin leda a ƙasan akwatin amarya.

Irin wannan sinadari na deksa yana shiga ta fata ma. Yawancin mayukan bilicin masu saurin aiki, waɗanda ake matsowa daga ƴan bututu a cakuɗa da man shafawa, danginsa ne: kulobetazol da betametazon, magungunan da aka yi don a shafa kwana kaɗan a ɗan wurin da ke ciwo. Wadda ta iya karatu ta duba jikin bututun, sunan da ya ƙare da "sone" ko "sol" abin lura ne. Idan aka shafe jiki duka da su safe da yamma, shekara da shekaru, suna ratsawa cikin jini su yi duk abin da ƙwaya ke yi, har da sa tsokar saman ƙoda barci. Ana gane mai shafa su daga nesa: fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙi, jijiyoyi kore-kore a damtse, makero da ƙyasbi sun samu gona. Ranar da aka zo yi mata tiyatar haihuwa, fatar ba ta riƙe ɗinki da kyau. Wasu mayukan kuma suna ɗauke da haidurokinon, wanda daga baya yake barin baƙin tabo a kan kumatu, wasu da makuri mai lalata ƙoda. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu haidurokinon a 2016. Baƙin da ake gogewa shi ne laimar da Allah ya yi wa fata, kuma wanda ya san ranar watan Afrilu a Korahane ya san ba wurin yar da laima ba ne. Dilka da lalle da man shanu da kakanninmu suka yi ado da su ba su taɓa kai kowa gadon asibiti da ciwon suga ba.

Yanzu kai, ɗana. Ba don kanta kaɗai yarinyar nan take haɗiyar ƙwaya ba. Ta ji abin da kuke faɗa a majalisa, ta ga hotunan da kuke tura wa juna a WhatsApp, ta san wadda ake yabo da wadda ake yi wa dariya. Saurayin da ya ce wa budurwarsa "ni haka nake son ki" kuma ya tsaya a kan maganarsa gaban ƴan uwansa mata, ya yi mata abin da buhun magani ba zai yi ba. Sannan ka dubi naka aljihun. Samarin da ke tafiya ci-rani Libiya da Aljeriya, ko haƙar zinariya tun da aka buɗe Jado a 2014, da yawa sun koyi haɗa deksa da tiramol don kashe gajiya. Tiramol, ban da kamun da yake yi wa mutum da farfaɗiyar da yake jawowa, in an daɗe ana sha yana rage sinadarin mazakuta. Allurar kumbura damtse da wasu ke yi a birane ita ma ƙa'idarta ɗaya da ta deksa: da jiki ya ga an kawo daga waje sai ya rufe nasa, ƴaƴan maraina su motse, maniyyi ya ragu. A yi aure shekara uku shiru, a ɗora wa mace laifi. Ƴan kokawar da suka yi suna a ƙasar nan tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, da fura da nono da aikin gona aka gina su.

Abin da ya fi ciwo shi ne jarirai. Akwai uwayen da ke ɗiga wa yaro ruwan irin wannan magani don ya yi ɓul-ɓul a yaba. Yaron zai yi kumatu, amma tsawonsa zai tsaya, kuma ƙyanda ko ciwon huhu in suka zo za su tarar da gida ba mai gadi. Yaron da ba ya ƙiba, ma'auni da awon damtse na gidan likita ne za su faɗi abin da ke damunsa.

Matan Korahane gwanaye ne wajen turka. Wadda ke shirya ragon layya ba ta fara ba shi dusa da harawa ana saura mako biyu. Tun watanni take somawa, ta ba shi maganin tsutsa, ta ɗaure shi a inuwa, ta sa masa kanwa a ruwa. Ta san ba a fafe gora ranar tafiya. Jikin mutum ya fi cancantar wannan haƙuri. Yarinyar da ke ramewa ba dalili, sau da yawa akwai abin da ke cin ta: tsutsar ciki, ƙarancin jini, zazzaɓin da ke komowa, tari, ko aikin da ya fi abincinta yawa, ko damuwar da ba ta faɗa wa kowa ba. Ana gano waɗannan, kuma ana maganinsu. Bayan haka ga wake, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga aya da Maraɗi ta yi suna da ita, ga nono daga ruga, ga zogale da ƙwai. Uwar da ke son ɗiyarta ta cika kafin biki, ta rage mata daka da zuwa rijiya wata uku, ta ga ikon Allah. Wata kuma siririya aka halicce ta, haka uwarta da kakarta suke, sun haihu goma sun yi noma.

Wadda ta riga ta fara, kada tsoro ya sa ta zubar da ledar yau. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko saurin kisa. In kwana kaɗan ne da farawa, dainawa ba ta da haɗari sosai. In ya kai mako uku ko ya wuce, ko an daɗe ana shafa man, to sai an sauko a hankali kamar mai saukowa daga rumbu, ana rage awo mataki-mataki har tsokar da ta yi barci ta farka. Likita ne ya san matakan. Ta ɗauki ledar ko bututun yadda suke, ta kai wa majo ko ungozomar gidan likita, ta faɗi gaskiyar ƙwaya nawa take sha da ranar da ta fara, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a auna jininta da sukarinta, in abin ya fi ƙarfin nan a tura ta asibitin Dakoro ko Maraɗi. In tana jin nauyin zuwa ita kaɗai, ta samu gwaggo ko yayar da ta yarda da ita su tafi tare.

Kuma ko bayan ta rabu da maganin, har shekara guda, duk lokacin da ciki ya shiga, ko zazzaɓi mai zafi ya kama ta, ko za a yi mata tiyata, ta fara gaya wa mai duba ta cewa ta taɓa shan deksa, ta kuma sanar da mijinta tun yanzu don ya faɗa a madadinta in ba ta iya magana. Fuska tana saɓewa cikin ƴan watanni, ƙarfin ƙafa yana komowa, al'ada takan daidaita. Nanƙarwar ce kawai takan zauna.